Wanda Bai Yi Gudu Ba

Ni na ɗaga hannu a taron unguwa,
ba wanda ya aike ni.
Na ce kilomita biyar ce kawai,
daga filin Mahaha a zaga Gandun Albasa a dawo.
Wannan "kawai" ita ta cinye min wata uku.

Takarda ɗaya, ofis bakwai.
Mai hatimi ya fita salla,
mai sa hannu ya tafi ta'aziyya Wudil.
Masinja ya haddace sunana da na mahaifina,
har ya fara yi wa takalmina sannu.

Alhaji Lawandi ya ce ruwa nasa ne, jaka ɗari.
Laraba wayarsa tana shiga,
Alhamis tana kashe,
Juma'a na jinginar da janareta.

Mai buga riguna a Fagge
ya rubuta Gudun Lafiya a ƙirji,
ya manna shekarar bara a gadon baya.
Ya ce in kwantar da hankali, gumi zai goge.

Daren Asabar, ni da Mansura a tabarma,
tana yanka kwali, ina zana lambobi,
fil a leɓenta, fitilar waya a haƙorina.
Arba'in da shida mun yi ta sau biyu.
Sittin ba mu yi ta ba sam.

Ƙarfe uku na bi titi da farar ƙasa
ina ajiye kibiya a kowace kwana.
Da asuba Baba mai shara, Allah ya saka masa,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsintsiya.
A kilomita ta uku kuma
sai ga rumfar ɗaurin aure ta tsiro cikin dare,
kujeru jere, lasifika tana gwajin murya.
Na durƙusa wa kawun ango
ya ba mu hanya faɗin mutum biyu.

Masu taimako ashirin suka rubuta suna.
Tara suka zo, uku don riga.
Usur ya ƙi kuka.
Na ari murfin tukunyar mai shayi na doka.

Suka tashi.
Mai silifas, mai kambas na aro,
Nafi'u tela da awo a wuya, ya manta bai cire ba,
'yan matan Islamiyya shida a sahu guda
suna ƙirga numfashi tare.
Minti ɗaya cur na tsaya ina kallon bayansu,
na manta ana bina bashi.

Wanda ya fara isowa goshinsa a bushe,
mai adaidaita na biye da shi yana neman kuɗinsa.
Na biyu ya koma na ɗaya,
na uku ya ce a sake lissafi,
yayar na huɗu ta riƙe min wuyan riga.

Sai da aka naɗe rumfa, rana ta take,
Mansura ta ce saura lamba tamanin da ɗaya.
Malam Bashari mai gyaran agogo,
wanda likita ya hana shayi da sukari.
Ga shi can wajen ganuwa,
ba gudu ba, ba tafiya ba, wani abu tsakani.
Zaren ƙarshe ya riga ya tsinke.
Ta ƙulla shi da haƙori, ta riƙe gefe, na riƙe gefe,
ya zo ya tsinka shi da ƙirji.
Ya dubi tsintsiyar hannunsa:
"Awa ɗaya da minti goma sha ɗaya. Rubuta."

Lambobin yabo sun ƙare.
Na miƙa masa ledar ruwa, ta yi ɗumi.

Bayan azahar ni kaɗai a titi da buhu
ina tsintar ledoji da lambobin da gumi ya jiƙa.
Ban yi gudu ba, ƙafata ta fi ta kowa kumburi.
Na rantse a zuci na gama.

Ya wuce ni a hankali, takalmi a hannu.
"Baɗi ka yi kibiyar da fenti," in ji shi.
Na ji bakina ya ce to.